Fuskar Barakatu a Cikin Inji

Duk wanda ya ce maka ɗakin kwamfuta wurin hutu ne, to ta taga ya leƙa. Sanyi kamar cikin randa, ƙugin inji tun safe har yamma, ga ɗalibai cirko-cirko a bakin taga, kowa da ƙunshin katinshi, kowa gani yake aikinshi ne zai ceci ƙasa. Ni Susanna a ɗakin nan na ƙarar da ƙuruciyata, a jami'a a Samaru, ina huda kati. A lokacin haka ake yi wa kwamfuta magana: ka rubuta abin da kake so a takarda, mu mu huda shi a kati, a zuba wa injin ya haɗiye. Kullum daga Sabon Gari muke shiga bas ni da Rahamatu, wadda teburinta ke jikin nawa.

Allo ɗaya tak muke da shi, kamar ƙaramar talabijin, rubutunshi kore. An kafa shi yana kallon taga, wai don ɗalibai su riƙa ganin aikin wa ake yi, su daina damun mu da tambaya. Ba su daina ba. Duk lokacin da injin ya zauna ba aiki, sai allon ya nuna tarkacen da mu ma'aikata muka jibga mashi. Oga Cornelius, shugaban ɗakin, ya sa kalandar wata a kusurwa. Chuks mai gyara ya zana ƙwallo da haruffa. Ni ma ina da wani abu da aka ce fure ne, ko da yake ya fi kama da tsintsiya. A tsakiya kuwa fuskar wata yarinya ce.

Barakatu sunanta, 'yar Rahamatu da mijinta Jafaru, kuma sai bayan ta rasu aka zana ta. Ƙyanda ce ta ɗauke ta tana 'yar shekara biyu da wani abu. Ba ta da hoto ko ɗaya, domin gidan su Jafaru a cikin birni gidan malamai ne, ba a ɗaukar hoto. Ga shi kuma 'yar fari ce, ka dai san yadda ake yi: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, ko kallonta ma sai a sace. Ranar da aka binne ta Rahamatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yabon ta wai mai kara ce. Ni dai yabon nan haushi ya ba ni.

Jafaru shi ne mai kula da injin a ɗakinmu. Bayan rasuwar yarinyar sai ya daina fita cin abincin rana, ya zauna yana jera haruffa a takarda, masu kauri inda ya kamata a yi duhu, ɗigo-ɗigo inda ya kamata a yi haske. Rahamatu ta huda, a zuba wa injin, su tsaya su biyu suna kallo.

"Kumatun sun yi yawa," in ji ta. Washegari kuma, "Goshin ya fi haka faɗi."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ke da ba kya kallon ta, ya aka yi kika sani?"

Sun fi damina guda suna wannan gyara. In ka matsa kusa, haruffa ne kawai a barbaje, amma in ka ja da baya har bakin ƙofa, to ga Barakatu nan tana kallon ka. Ni na sha goya yarinyar nan. Ranar da kamannin suka fito tsigar jikina ta tashi, Rahamatu kuwa ta toshe baki da mayafi ta daɗe a tsaye.

Ba a rufa shekara ba tirela ta buge babur ɗin Jafaru a Kwangila, ko asibiti bai kai ba. Rahamatu ta yi takaba a gidansu na cikin birni. Aka kwashe kayan aljihun teburinshi aka kai gida, har da katin zanen, matan gidan kuwa da suka ga kwali mai huji-huji sai suka hura wuta da shi. Ba su sani ba, ban ga laifinsu ba. Amma daga nan fuskar Barakatu ba ta da wani wuri a duniya sai cikin faifan ajiya na injin nan.

Da damina ta faɗi, a shekarar da ake shirin koma wa mulkin farar hula, Rahamatu ta dawo aiki. Ta koma ɗakinsu na haya a Jushi tare da wata goggonta. Kullum da safe in mun shigo, ta ajiye jaka, ta kalli allon, ta zauna.

Sai ga Malam Shehu, yayan Jafaru, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu. Wani ɗalibi ne da ke ɗaukar karatu a zaurenshi ya kai mashi labari, shi a ganinshi yabo yake yi: wai marigayi ya bar abin tunawa, kowa na tsayawa a taga yana kallo. Kai, wasu mutane da bakinsu! Malam ya zo da safe da laima a hannu, ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar yadda dokar ɗakin take. An yi sa'a injin na cikin aiki, lambobi ne kawai ke gudu a allon. Bayan an gaisa ya zauna, ya yi magana a hankali. Wallahi da ihu ya yi da na fi jin daɗi, da na san yadda zan yi da shi.

"Rahamatu, an ce mini marigayi ya bar zanen fuska a cikin injin nan."

"Haka ne, Yaya Malam," in ji ta, kanta a sunkuye.

"Kin san ni na rene shi. Yanzu ba abin da zan iya yi mashi sai addu'a da rage mashi nauyi. Abin da na karanta shi ne, wanda ya zana mai rai za a tambaye shi. Ina tsoron kada yana can kwance, kullum safiya ana ƙara mashi kaya. Don Allah a goge. Zan dawo jibi in gani da idona, ko hankalina ya kwanta."

Idonshi ya ciko da hawaye.

Yana fita kuwa na fashe. "Haba! Yarinya ɗaya, ba hoto, kabarinta ma ba a barin ki ki je, ɗan abin da ya rage shi ma a goge? Su waye suka zauna suna gyara kumatun nan, shi ne?"

"Maman Kefas, ba mugunta yake yi ba," in ji Rahamatu. Da sunan ɗana take kira na.

"Na sani! Shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai."

Dabarar da muka yi tawa ce, kuma ko gobe aka sake zan sake. Na je na sami Oga Cornelius, wanda dama ya daɗe yana mita wai allonmu ya zama teburin mai kayan koli, in baƙi suka zo kunya yake ji. Na ce mashi, "Oga, akwai yadda za a kawar da tarkacen nan daga ido, amma su zauna a ciki?"

Ya zare tabarau ya dube ni. Duk abin da Malam ya faɗa ya ji, ai ɗakin ba shi da girma. Ya ce, "Gogewa daban, ɓoyewa daban. In na ɓoye, komai yana nan a faifai. Mai son abinshi ya buga sunanshi, ya fito, ya gama ya mayar."

"To a ɓoye duka, har tsintsiyata. Kada a ce na mutum ɗaya aka taɓa."

Kafin a tashi aiki ya gama. Kalanda ta tafi, ƙwallo ta tafi, Chuks yana ta gunaguni har na ce ya rufe mana baki. Allon ya zama wayam, baƙi ƙirin, sai wani ɗan ɗigo kore da ke ƙiftawa a kusurwa. Jafaru dama sunan yarinyar ya sa wa zanen. Oga ya nuna wa Rahamatu: ta buga sunan, fuska ta fito, ta danna maɓalli ɗaya, ta ɓace.

Malam ya dawo ranar da ya ce. Ban bari Rahamatu ta buɗe baki ba, don na san ta, ba ta iya ƙarya ba ko ta wasa. Na ce, "Malam, ga allon nan, ka duba da kyau."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya juyo ya kalli Rahamatu, ya kalle ni, bai tambayi komai ba. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa ƙanenshi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Rahamatu." Ya sa takalminshi ya tafi. Ranar har tsire na saya mana a tasha don murna. A cikin bas ni kaɗai nake ta zuba, ita kuwa ko yanka ɗaya ba ta ci ba.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗalibai suka yi ta tambaya wai ina yarinyar, na ce su kawo katinsu ko su ba mutane wuri. Lokacin cin abinci, in kowa ya watse, sai Rahamatu ta ja labulen taga, ta buga sunan nan da bakinta bai taɓa kira ba, ta zauna da 'yarta ita kaɗai, ba idon kowa. Har na ce a raina ashe Malam alheri ya yi mana.

Sai azumi ya kama, sai kuma saƙonni suka fara zuwa daga cikin birni. Surukarta Inna, tsohuwar da ko gani sosai ba ta yi, ta aiko mata da atamfa da ƙullin dabino, wai a gaya wa Rahamatu ta yafe mata duniya da lahira tunda ta sauke wa ɗanta nauyi. Rahamatu ta karɓi atamfar kamar an miƙa mata garwashi. Ta fara ramewa, kuma ba ramar azumi ba. Matar da ba ta taɓa kuskuren huda kati ba, sai ga ɗalibai suna dawo da aiki suna ƙorafi. In ta fito da fuskar, sai in ji tana ta istigfari ƙasa-ƙasa. Daga baya ma ta daina fito da ita, sai ta zauna ta zuba wa baƙin allon ido har lokacin hutu ya ƙare.

Wata yamma muna cikin bas, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mun iso daidai Kwangila, sai ta ce, "Maman Kefas, Malam bai gani ba. Ɗalibai ba sa gani. To wanda zai tambayi Jafaru fa? Shi ma labule za mu ja mashi?"

Na ce, "Ke, don Allah raba ni! Allahn da ya halicci yarinyar nan da kyanta, shi ne zai kama uba don ya tuna fuskar 'yarshi?"

"Ban sani ba. Ke kin sani? Kin tabbata?"

Ni Kirista ce, karatunsu ba nawa ba ne, kuma ban taɓa shiga kabari na dawo ba. Da na iya rantsuwa a kan abin da ban sani ba, da na rantse mata a ranar.

Ta ce, "In gaskiya ne, to ni ina nan ina more kallon 'yata, shi yana can yana ɗanɗana kuɗarshi. Kuma uwarshi tana sa mini albarka a kan abin da ban yi ba."

"To ji nan. Gobe in sa injin ya buga ta a takarda, in kai gidana in sa a ƙasan akwati. Gidan Kirista ne, ba ruwan kowa. Sai ki goge ta cikin injin, kowa ya huta."

"Hannun wa ya zana? Ko a coci kika ajiye, aikinshi ne. Ɗaya ta hana ni sukuni, ki mai da su biyu?" Ta kama hannuna ta matse. "Ki yi mini alkawari ba za ki buga ba."

Na yi ta zillewa har muka sauka, ba ta saki hannuna ba sai da na yi alkawarin. Na kuma cika, ina cikawa ina tsaki.

A tsakiyar azumi ta tambayi Oga Cornelius yadda ake gogewa. Ya ce bai ji ba. Ta sake tambaya, ya ce ta bari sai bayan salla. Da ta tsaya a gaban teburinshi ta ƙi tafiya, sai ya gaya mata, ya ƙara da cewa, "Rahamatu, wannan ba ya dawowa. Ko Turawan da suka ƙera injin ba za su iya dawo da shi ba." Ya ɗauki hularshi ya fice, ya bar mu mu biyu.

Ta ja labule, ta buga sunan. Ta tashi ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kallo, ta daɗe har na zaci ta fasa. Sai ta dawo ta zauna, ta buga abin da Oga ya gaya mata, saura maɓalli ɗaya.

"Maman Kefas, danna mini."

"Ni? Hannuna ya ruɓe in na taɓa! Ki nemi wani."

Na juya mata baya ina kuka, kukan haushi. Na ji ɗan ƙas ɗin maɓallin, shi ke nan. Ba ƙara, ba hayaƙi, injin bai ko canza ƙugi ba. Da na juyo, allon yana nan yadda yake jiya da shekaranjiya, baƙi, da ɗigon nan yana ƙiftawa. Wannan shi ya fi ci mini rai: duk wanda ya leƙo ba zai san an yi wani abu ba. Rahamatu ta ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban san ta da ita ba, ta jawo kati ta ci gaba da aiki. Na yi kwanaki ba na yi mata magana sai gaisuwa.

Bayan salla, ranar da muka koma aiki, sai ga Malam Shehu dab da lokacin hutu. Shi ma ya rame. Ya kawo mana goron salla, har ni. Ya zauna yana ta murza hularshi a gwiwa, yana kallon ƙasa, har ɗalibai suka watse daga taga. Oga Cornelius na can kusurwa yana yi kamar yana aiki.

"Rahamatu," in ji Malam, "ranar nan da na zo dubawa, na san ba a goge ba."

Rahamatu ta ɗago kai.

"Ni ba yaro ba ne. Na ga fuskarki, na kuma ga yadda ƙawarki ta riga ki magana. Da na fita sai na ce, tunda an rufe daga idon jama'a, ragowar na ɗauka a wuyana. Yarinya ɗaya gare ki, ba zan raba ki da ita sau biyu ba. Duk azumin nan na yi ta nema mashi gafara. Na kuma tambayi waɗanda suka fi ni karatu, bakinsu bai zo ɗaya ba." Ya share ido da hannun riga. "Abin da ya kawo ni, ina jin kunyar faɗa. Kowa ya ce yarinyar kamarshi ce sak. Ni kuwa fuskar Jafaru ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga hularshi, in ga babur ɗinshi, shi ban gan shi ba. Don Allah a rufe taga, sau ɗaya, in gani."

Ba wanda ya motsa. Sai Malam ya tashi da kanshi ya ja labulen, ya jawo kujera gaban allon, ya goge tabarau da bakin riga ya maƙala. Rahamatu ta juya kamar wadda ake ja da igiya, ta buga sunan. Ban san me take tsammani ba. Injin ya fito da layi ɗaya na Turanci.

"Me ya ce?" in ji Malam.

"Ya ce babu."

"Babu kamar yaya?"

"Na goge, Yaya Malam. Tun tsakiyar azumi."

Ya zare tabarau a hankali. "Saboda maganata?"

"Saboda addu'arka."

Ya juya wajen Oga Cornelius. "Ba yadda za a yi?" Oga ya girgiza kai. Malam ya juyo gare ni, ko yana zaton mai bakin nan ta ɓoye wani abu a wani wuri. Da ina da shi, na rantse da na ba shi. Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar yanzu aka kawo mashi labarin mutuwar. Ya zauna yana kallon allon, hawaye na bin gemunshi. Na so in zage shi, na so in zage ta, amma duk tausayinsu ya hana ni. Rahamatu ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Malam, ka gaya wa Inna albarkar da ta sa mini, yanzu na karɓa."

Lokacin hutu ya ƙare, ɗalibai suka fara ƙwanƙwasa taga. Rahamatu ta tashi ta buɗe labulen, ta miƙa hannu ta karɓi katin na farko a layi.